Shirin "Azumin Otofaji" na Wani Shago a Sabon Garin Zariya: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Ban taɓa tsammanin zan ga kalmar otofaji, wato yadda ƙwayar halitta take narkar da tsofaffin sassanta ta sake amfani da su, rubuce a allon shago ba, balle a tsakanin mai gyaran waya da mai POS a kan hanyar shiga kasuwar Sabon Gari. Lokacin da muke ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, layi biyu ko uku kawai kalmar take samu a babin da ke bayanin sassan ƙwayar halitta, kuma ko a jarrabawa ba kasafai ake tambayarta ba. Yau ga ta da manyan haruffa kusa da hoton wani dattijo ɗan Japan mai farin gemu, an rubuta a ƙasa cewa mako shida na azumi da shayi za su sa jiki ya cinye cututtukansa da kansa, sannan aka jera sunayen cututtukan: ciwon suga, hawan jini, taifot, tarin fuka, kansa.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a nan Zariya, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma na kai shekarun da tumbi yake riga ni shiga aji. Likitan da ke duba ni ya daɗe yana cewa in rage ƙiba saboda gwiwoyina da hawan jinin da ya fara leƙowa, don haka da na ga allon sai buƙata da son sani suka haɗu suka tura ni ciki. Na biya kuɗina, na bi shirin daga farko har ƙarshe in ban da shayin da na ajiye da kuma sashe guda da zan zo kansa. Ba zan faɗi sunan shagon ba, domin irinsa ba ɗaya ba ne a garin nan, kuma abin da zan faɗa ya fi shafar hajar da ake sayarwa fiye da mai sayar da ita.

Tsabta da karɓar baƙi sun cancanci yabo. Ɗaki biyu ne, na gaba da benci biyu da labulen da ya raba wurin zaman mata da na maza, na ciki kuma ofishin mai shagon. Suna da sola, saboda haka fanka ba ta tsayawa ko an ɗauke wuta. Yarinyar da ke kan tebur ta tarbe ni da "Sannu da zuwa, Baba," ta auna nauyina da tsawona da faɗin ƙuguna, ta gwada jinina sau biyu da tazarar 'yan mintuna, hannuna a kan tebur daidai da ƙirji kamar yadda ake so, ta rubuta komai a kati ba tare da gaggawa ba. Kuɗin shirin naira 38,000 ne, kuma a ciki akwai ganawa da mai shagon, da gwajin na'ura sau biyu, da fakiti uku na shayi, da kwalbar kafso ɗaya, da takardar jadawalin cin abinci, da shiga wani zauren WhatsApp na mahalarta. Jadawalin mai sauƙi ne: a ci abinci tsakanin ƙarfe goma sha biyu na rana zuwa takwas na dare, sauran awa goma sha shida kuma ruwa da shayi marar suga kawai, a bar lemon kwalba da soye-soye.

Mai shagon mutum ne mai fara'a da iya magana, ba zai wuce shekara arba'in ba, sanye da farar riga irin ta asibiti. Kowa Dakta yake ce masa. Da na tambaye shi inda ya yi karatun likita bai ɓoye ba, ya ce shi kwas ɗin abinci da gina jiki ya yi, sunan kuwa mutane ne suka laƙaba masa. Na ji daɗin wannan gaskiyar, ko da yake na lura bai taɓa gyara wa kowa sunan ba. Da ya ji sana'ata sai ya gyara zama ya ce, "Malam, ai ka fi ni sani. Da zarar mutum ya cika awa goma sha shida bai ci komai ba, sai otofaji ya kunnu kamar an danna makunnin wuta, ƙwayoyin jiki su shiga cinye datti da ƙwayoyin cuta har da kansa. Wannan bawan Allah na Japan a kan haka aka ba shi kyautar Nobel."

A cikin maganar tasa akwai gaskiya, kuma gaskiyar ce take sa sauran ya shige wa mutum ba tare da ya tauna ba. Otofaji kalmar Girkanci ce mai ma'anar cin kai, kuma wani masani ɗan Beljiyam, Christian de Duve, shi ne ya raɗa ta a 1963. Shi ne dai ya gano laisosom a 1955, wato wata 'yar jaka mai tsami da ke cikin ƙwayar halitta cike da sinadaran narkarwa, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1974. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zuba tukwane da tsohon alminiyum ya ga misalin abin da idonsa. 'Yan bola jari suna bi lungu-lungu suna tsintar gwangwani da fasasshen murfi, su cusa a buhu su kai wa maƙeri, shi kuma ya narkar ya zuba sabuwar tukunya. A cikin ƙwayar halitta, wani siririn tantani mai ruɓi biyu ne yake tsirowa ya naɗe tsofaffin furotin da sassan da suka lalace, ya rufe bakinsa ya zama buhu, wanda masana ke kira otofagosom, sannan buhun ya je ya haɗe da laisosom, a narkar da kayan a mayar da su ɗanyen kayan gini da makamashi. Da wannan hanya, tare da wata hanyar narkar da furotin da ake kira furotiyasom, jikin babban mutum yake iya ƙera furotin kimanin giram 200 zuwa 300 a kowace rana alhali abin da yake ci bai kai rabin haka ba.

Dattijon da ke jikin allon shi ne Yoshinori Ohsumi, kuma gaskiya ne an ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2016. Sai dai aikin da aka karrama ba a kan azumin ɗan Adam aka yi shi ba, a kan yis aka yi shi, wannan dai da ake kwaɓa burodi da shi. Bayan ya buɗe ɗakin bincikensa a Jami'ar Tokyo a 1988, ya ɗauki yis ɗin da aka raba shi da sinadaran narkarwa, ya hana shi abinci, ya leƙa ta madubin hangen ƙananan halittu, sai ya ga buhunan sun taru sun cika ma'ajiyar narkarwar domin babu abin da zai narkar da su. Ya wallafa wannan a 1992, a shekarar da ta biyo baya kuma shi da ɗalibarsa suka tantance ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su. Daga baya aka tarar da takwarorinsu a jikin dabbobi da mutane, kuma wannan ne ya buɗe fagen.

Maganar makunni ita ce kuskure na farko. Otofaji ba ya kashewa balle a kunna shi, yana gudana dare da rana a jikin mai azumi da marar azumi. A 2004 masana a Japan sun nuna cewa jariran ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gado mai suna Atg5 suna mutuwa cikin yini guda da haihuwa, a daidai lokacin da abincin mahaifa ya yanke nono kuma bai kankama ba. A 2006 aka toshe aikin a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye kaɗai, sai gurɓatattun furotin suka taru, ƙwayoyin suka rinƙa mutuwa, tafiyar dabbobin ta lalace, duk da cewa suna ci suna ƙoshi. Abin da yunwa take yi shi ne ƙara wa aikin ƙaimi: idan abinci ya yi ƙaranci, wani furotin mai suna mTOR da ke taka masa birki yana sassautawa, wani kuma mai suna AMPK da ke lura da ƙarancin makamashi yana zaburar da shi. An ga haka ƙarara a hanta da tsokar ɓerayen da aka hana abinci na yini ɗaya zuwa biyu. Amma ɓera bai fi giram talatin ba, jikinsa yana ƙona abinci da saurin da namu ba ya yi, yunwar yini guda a wurinsa babbar masifa ce, a wurin mutum mai kilo tamanin kuwa ba haka take ba. Babu wani binciken da ya tsayar da awa goma sha shida a matsayin lokacin da otofaji yake farawa a jikin mutum. Lambar daga jadawalin rage cin abinci ta fito, aka ɗaura ta a wuyan kimiyya.

Daga nan aka kai ni ga na'urar, wadda ita ce abin alfaharin shagon. Wani ɗan sandan ƙarfe ne mai tsawon biro da aka jona da waya zuwa kwamfuta. Aka ce in cire agogo in riƙe shi a tafin hannun hagu in daina magana. Layuka masu launi suka rinƙa gudu a fuskar kwamfutar na tsawon minti guda, sai injin bugawa ya fito da shafi huɗu, a ciki har da layin da ya ce matakin otofajina kashi 31 ne cikin ɗari. Na roƙi a sake gwajin nan take, ba tare da na tashi daga kujerar ba. Mai shagon ya ɗan yi jim, ya ce ba a saba yin haka ba, amma saboda girmana zai yi. Karo na biyu na'urar ta ce kashi 44. Ya yi murmushi ya ce, "Ka gani, Malam, hankalinka ne ya kwanta." Ban ja maganar ba, amma na san yadda ake wannan awon a ɗakin bincike na gaskiya. Sai an sami ƙwayoyin halitta ko ɗan yankin tsoka ko hanta, a niƙa, a auna wasu furotin irin su LC3, wanda ke manne a jikin buhunan nan, da p62, kuma ko an auna ɗin ba a gama ba, domin ganin buhuna jibge a ƙofar maƙeri yana iya nufin 'yan bola jari sun ƙara himma, yana kuma iya nufin maƙerin ne ya kwana biyu bai hura wuta ba. Don a bambance, sai an toshe laisosom da magani da gangan a kwatanta abin da ya taru da wanda ba a toshe ba. Aiki ne na kwanaki da kayan aiki masu tsada, kuma ko manyan asibitoci ba su da gwajin jini na yau da kullum da zai gaya wa mutum adadin otofajinsa. Ƙarfen da aka riƙe a tafin hannu ba zai iya ba. A ranar ƙarshe na'urar ta ba ni kashi 78, lambar da na tabbata tana faranta ran mahalarta da yawa.

Shayin yana da daɗin ƙamshi, kuma da na zazzage fakiti ɗaya a faranti na gane zogale da citta da kirfa da kanumfari, sai wani busasshen ganye siriri da uwargidana ta ɗauka ta shinshina ta ce filasko ne. Fakitin ba shi da jerin abin da ke ciki, ba shi da lambar NAFDAC. A dare na uku na tabbatar da maganarta, domin tun ƙarfe biyu nake safa da marwa zuwa bayan gida har aka kira assalatu. Da safe na tarar wasu a zauren suna ba da irin wannan labari, mai kula da zauren kuma yana taya su murna cewa dattin ƙwayoyin halitta ne yake fita. Wannan ya saɓa wa ma'anar otofaji gaba ɗaya, tunda abin da aka narkar a cikin ƙwayar halitta a nan ake sake amfani da shi, ba ya bin hanji ya fita. Filasko maganin wankin ciki ne da kakanninmu suka sani, yana da ranarsa, amma shan sa kullum na mako shida yana zubar da ruwa da gishirin jiki, ya kuma sa ma'auni ya nuna ragin da ba na kitse ba ne. Na ajiye shayin na koma dafa citta da kirfa daga kicin ɗinmu.

Kafson kuwa daga waje aka shigo da shi, an rubuta cewa yana ɗauke da sifamidin, sinadarin da ake samu a ƙwayar alkama da waken suya. Gaskiya ne yana ƙara otofaji a yis da ƙudaje da ɓeraye, har ya tsawaita rayuwarsu a wasu gwaje-gwaje. Da aka gwada shi a Jamus a kan dattawa 100 na tsawon shekara guda don a ga ko zai gyara musu ƙarfin tunawa, sakamakon da aka wallafa a 2022 bai nuna bambanci tsakanin waɗanda suka sha shi da waɗanda suka sha kafson banza ba. Na shanye kwalbar ban ji komai ba, mai daɗi ko marar daɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a mako na biyu, ranar da na koma awon nauyi. A kan benci na tarar da wani saurayi da ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, rigarsa tana yawo a jikinsa, yana tari yana rufe baki da hula. Muka gaisa, na ce, "Samari, tun yaushe kake wannan tarin?" Ya ce, "Wallahi Baba, ya kai wata biyu, ga zufa da daddare, abinci ma ba ya shiga." Yayansa ne ya biya masa kuɗin shirin bayan ya ga tarin fuka a jikin allon, kuma an riga an ba shi jadawalin awa goma sha shida irin nawa, ni mai tumbi.

A nan ma da tushen maganar. Ƙwayar halitta tana amfani da buhunan nan wajen kama ƙwayoyin cutar da suka kutsa cikinta ta kai su ga laisosom. A 2004 aka wallafa bincike biyu da suka yi suna, ɗaya ya nuna haka a kan bakteriyar da ke kawo ciwon maƙogwaro, ɗayan kuma a kan bakteriyar tarin fuka a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da aka raina a kwanon gwaji. An ga irin wannan a kan dangin Salmonella, waɗanda mai kawo taifot take cikinsu. Amma ƙwayoyin cuta ba zaune suke suna jira a cusa su a buhu ba. Bakteriyar tarin fuka ta ƙware wajen hana ma'ajiyar da take ciki haɗuwa da laisosom, ta zauna a cikin ƙwayar da aka aiko ta kashe ta tana hayayyafa. Bakteriyar Legionella tana fitar da wani sinadari da ke yanke LC3 daga jikin buhun tun kafin ya rufe. Ƙwayar cutar ƙanjamau tana da furotin da ke hana buhun ƙarasa tafiyarsa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a kwanakin da take ɓoye a hanta kafin ta fantsama cikin jini, tana da nata furotin da ke riƙe LC3 don kada a yi mata alama. Wasu ma, irin su bairos ɗin shan inna da na zazzaɓin dengi, juya abin suke yi ya zama nasu, su mayar da tantanin buhunan wurin hayayyafa ko hanyar samun abinci. Ke nan cewa a ƙara otofaji don a kashe cuta magana ce da sai an tambayi wace cuta, a wace gaɓa, a wane mataki.

Game da tarin fuka kuwa, abin da aka tabbatar a jikin mutane ya juya wa allon shagon baya. Rashin isasshen abinci yana kan gaba cikin abubuwan da ke jawo cutar a duniya. A wani babban gwaji da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, wanda aka wallafa a 2023, an rinƙa ba iyalan masu tarin fuka tallafin abinci kowane wata, sai kamuwa da cutar a cikinsu ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Mai wannan cuta abinci yake buƙata da magani na wata shida, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mu a Zariya ma ba mu da uzuri, domin cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana nan Saye, a bakin garinmu. Na rubuta wa saurayin sunan wurin a bayan katina, na ce ya je gobe da safe a gwada majinarsa, ya kuma ci duk abin da ya samu a duk lokacin da ya samu. Na shiga ofis na gaya wa mai shagon abin da na yi. Bai yi fushi ba, ya ce shi ma da niyyarsa ya tura yaron asibiti idan mako biyu suka wuce bai ga sauƙi ba. Mako biyu na ƙarin yunwa ga mai irin wannan rama, yana kuma tari a ɗaki ɗaya da mutane, ba ƙaramin abu ba ne.

Kansa ma haka take da fuska biyu. Beth Levine, wata likita 'yar Amurka, ta nuna a 1999 cewa ƙwayar gado mai suna Beclin 1, wadda otofaji ke buƙata, tana da hannu wajen danne tsiron kansa, kuma ɓerayen da suka rasa kwafi ɗaya nata sun fi saurin yin ƙari. Wannan kafin cutar ta kafu ke nan. Idan ƙari ya riga ya girma, tsakiyarsa ba ta samun isasshen jini, sai ƙwayoyinsa su dogara da otofaji su rayu cikin yunwa su kuma jure wa magani. Shi ya sa a gwaje-gwajen asibiti da dama toshe shi ake ƙoƙarin yi, kuma maganin da aka fi amfani da shi wajen toshewar tsohon saninmu ne, kulorokwin (da ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin), wannan dai mai ɗaci da ya sa da yawanmu kwana muna susa muna yara, kafin Najeriya ta sauya shi da sababbin magungunan zazzaɓi a 2005. Yana shiga laisosom ya rage masa tsami ya hana shi aiki. Mai kansar da ya riga ya fara ramewa, a ce masa ya yi azumin kwana uku don ƙarinsa ya cinye kansa, an ɗora masa nauyin da binciken bai ɗora masa ba.

Azumin kwana ukun nan shi ne sashen da na ƙi yi. A mako na biyar jadawalin ya tanadi abin da suka kira babbar shara, wato awa 72 a kan ruwa da shayi kawai. Takardar da na cike ranar farko ta tambayi sunana da unguwata da inda na ji labarin shagon, amma ba ta tambayi magungunan da nake sha ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid zai iya faɗuwa sumamme idan ya bar abinci bai rage magani bisa shawarar likita ba, kuma a zauren namu akwai masu ciwon suga, akwai mai shayarwa, akwai masu gyambon ciki. Wannan giɓi ya fi na'urar da shayin haɗari, kuma gyaransa bai wuce ƙara layi uku a takarda da mayar da wasu mutane gida ba.

Akwai wani saƙo da ake yawan turowa a zauren, wai binciken Ohsumi ya tabbatar da hikimar azumin watan Ramadan. Na fahimci kyakkyawar niyyar masu tura shi, amma azumin farilla da na Litinin da Alhamis ibada ne da ba ya jiran shaidar yis, kuma wanda ya jingina imaninsa da sakamakon ɗakin bincike zai shiga ruɗu ranar da sakamakon ya sauya. Azuminmu a nan Zariya ma bai cika wuce awa goma sha huɗu ba, wato a lissafin mai shagon makunnin bai taɓa kunnuwa ba ke nan. Shari'a kuma ta hana yin ɗoren azumi ba tare da buɗa baki ba, ta kuma sauƙaƙa wa marar lafiya.

Duk da haka ba zan ce kuɗina sun tafi a banza ba. A mako shida na rage kilo uku da rabi, ƙuguna ya ragu har na matsa rami ɗaya a bel, gwiwoyina sun yi sauƙi wajen hawa benen makaranta, awon jinina kuma ya ɗan sauko. Na san inda ragin ya fito. Na daina tuwon ƙarfe goma na dare, na daina tsayawa teburin mai shayi da safe in sha kofi mai cokali huɗu na suga da rabin burodi, na daina lemon kwalba a ɗakin malamai. Wani gwaji da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin a kan mutum 139 na tsawon shekara guda, wanda aka wallafa a 2022, ya tarar cewa waɗanda suka rage abinci tare da taƙaita lokacin ci ba su fi waɗanda suka rage abinci kawai samun ragi mai ma'ana ba. Amfanin agogon shi ne yana sauƙaƙa wa mutum riƙe bakinsa, kuma a wurina ya yi wannan aikin. Zauren WhatsApp ɗin ma, in aka cire bayanan kimiyyarsa, ya taimaka ƙwarai, domin kunyar a ce ka karya tana hana hannu kai wa ga ƙosai da ƙarfe tara na safe, kuma yarinyar kan tebur tana kiran duk wanda bai zo awon mako ba ta tambayi lafiyarsa.

Wanda yake da ƙiba, lafiyarsa ƙalau, ba ya shan wani magani, kuma ya san shi kaɗai ba zai iya riƙe jadawali ba, zai amfana da awon mako-mako da zaman zauren, kuma zai kyautu ya nemi a cire masa kuɗin na'ura da na shayi da na kafso, waɗanda a ƙiyasina su ne fiye da rabin farashin. Na tambaya ko ana yin haka, aka ce shirin dunƙule yake ba a rarraba shi. Mai ciwon suga, da mai ciki ko shayarwa, da wanda ke ramewa ba dalili, da mai tarin da ya wuce mako biyu, da mai kansa, asibiti ne wurinsu, ko asibitin koyarwa na Shika ko wanda ya fi kusa da su, kafin su taɓa jadawalin cin abincinsu.

Ranar da na je karɓar sakamakon ƙarshe na zauna da mai shagon kusan rabin awa, na zana masa buhu da laisosom a bayan takardar na'urarsa, na roƙe shi abu biyu: ya ƙara tambayar magunguna a takardar shiga, ya kuma goge jerin cututtukan da ke jikin allon. Ya saurara da ladabi, ya ce allon kuɗi ya ci kuma bai daɗe da buga shi ba, amma zai duba. Ya gaya mini cewa yayan saurayin nan ya dawo neman a mayar masa da kuɗinsa domin an tabbatar da cutar a Saye an ɗora ƙanen nasa a kan magani, kuma ya mayar masa da rabi. Makon jiya na bi ta wurin a kan babur zan shiga kasuwa, na ga an liƙe kalmar tarin fuka da farin salatif, sauran huɗun suna nan yadda suke.